Perpetua ta Kartaj: Shahidar da Ta Rubuta Labarinta da Kanta

A ranar 7 ga Maris na shekarar 203 Miladiyya, aka fito da Kiristoci biyar filin wasa na birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau, domin a saka musu namun daji. Ana bikin ranar haihuwar Geta ne, ɗan Sarkin Rum Septimius Severus. Biyu daga cikinsu mata ne: Perpetua, 'yar babban gida mai kimanin shekara 22 da ɗa a nono, da Felicitas, baiwa, wadda ba ta daɗe da haihuwa a kurkuku ba.

Shahidan Kirista na wancan zamani suna da yawa, amma akasarinsu suna kawai suka bari. Ita Perpetua ta bar rubutu. A ganin yawancin masana, ita da kanta ta rubuta abin da ya same ta a tsare, kuma wannan rubutu na Latin yana cikin mafi daɗewa da aka sani daga hannun mace Kirista.

Hukumar Rum ba ta cika damuwa da abin da mutum ya ƙudurta a zuciya ba. Abin da take nema shi ne a miƙa hadaya domin lafiyar sarki, alamar biyayya ga daula. Ƙin yin haka tawaye ne a idonta. Lokacin da aka kama Perpetua ko baftisma ba a yi mata ba, sai tana tsare aka yi.

Gwagwarmayarta mafi zafi da mahaifinta ta yi. Shi ba Kirista ba ne, ya yi ta zuwa yana roƙonta ta dubi furfurarsa da jaririnta. Ta nuna masa tulu, ta ce kamar yadda ba a kiran tulu da wani suna, haka ita ma ba ta da sunan da ya wuce Kirista. Ranar shari'a ya zo ɗauke da jaririn, ya nace har gwamna Hilarianus ya sa aka buge shi da sanda. Ta rubuta cewa ta ji dukan tamkar a jikinta. Ba ta ɓoye tsoronta na duhun kurkuku ba, ko damuwarta kan shayar da ɗanta. Ta kuma ba da labarin mafarkanta, har da wanda ta ga kanta ta zama namiji tana kokawa da wani Bamisre.

A jajibirin bikin alƙalaminta ya tsaya, wani da ya ga abin da idonsa ya ƙarasa. Shi ne ya ba da labarin Felicitas: dokar Rum ta hana kashe mai ciki, tana fargabar a bar ta a baya, sai ta haifi 'ya mace a wata na takwas, wata Kirista ta ɗauki renon. A fili aka saka wa matan wata saniya mai faɗa, daga baya aka ƙarasa su da takobi. Hannun mai kisan yana rawa, Perpetua ce ta kai takobin wuyanta.

Girmamawa ba ta jima ba ta bazu. An gina babbar majami'a a kan kabarinsu a Kartaj, inda aka tono wani dutse mai ɗauke da sunayensu a 1907. Kalandar birnin Rum ta shekarar 354 ta riga ta sa ranar 7 ga Maris domin tunawa da su, kuma har yau ana ambaton sunayensu a addu'ar Mass ta Katolika.

Farin jinin rubutun ya kai har shugabannin Ikilisiya suka yi taka-tsantsan da shi. Bayan kimanin shekara 200, Agustin, bishop na Hippo, yana wa'azi a ranar bikinsu, amma sai da ya tunatar cewa labarin ba nassin Littafi Mai Tsarki ba ne. Ya kuma yi ta bayanin yadda aka yi mata suka nuna irin wannan jarumta, domin macen da ta ƙi bin mahaifi da sarki ba ta da sauƙin kafa misali da ita. Wa'azin ya yi nasa fassarar, amma masu kwafe littattafai sun ci gaba da kwafe kalmominta yadda ta bar su, kuma su ake karantawa har yau.