Ƙyalli da Ƙura: Tarihin Wanki da Gogar Mota a Cikin Birnin Kano

Tun kafin mota ta san hanyar Kano, Bakano ya san ƙyalli, ya kuma san abin da ake biya a same shi. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka birnin a 1851, ya tarar baƙin yadin da ake rinawa a nan yana kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Rini kuwa rabin aiki ne. In yadi ya fito daga karofi sai an kai shi wurin 'yan bugu, su shimfiɗa shi a kan gungume, su barbaɗa masa shuni, su yi ta dukansa har ya ɗauki sheƙi. Buzun da ke zuba kuɗi a kan rawani ɗan Kura, wannan sheƙin yake saye. Magina su ma da nasu ilimin. Katsin da ke kwantawa a gindin karofi, shi ake ƙonawa a haɗa da gashin dabba da dafara a yi laso, a shafe rufin soro. Makuba kuma daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a yaɓe bango da ita don kada ruwan sama ya ci jar ƙasar da ke ciki. In ta zaizaye a sabunta kafin damina. Ke nan dabaru biyun da ake kula da fentin mota da su a yau, fito da sheƙi da kuma ɗora abin da zai lalace a madadin abin da ke ƙarƙashinsa, tsofaffi ne a cikin ganuwa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, motoci suka bi sahu: na Turawan Nasarawa da Bompai, na fada, na Kwarori, sannan na attajiran gari. Birnin kuwa ba don mota aka tsara shi ba. Ƙofofinsa na doki ne da raƙumi da jaki, sai da aka yi ta faɗaɗa wasu, aka huda sababbi, irin Sabuwar Ƙofa ta zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953. A ganina motar ta shigo ne ta zauna a gurbin doki. Yadda ake da Shamaki a fada mai kula da barga, ake kuma da yaron da ke sharce dokin maigida kafin hawa, haka direba ya gaji aikin safiya: kafin Alhaji ya fito zaure, mota ta sha goga. Babu wanda ya tambaya ko jikin mota yana son abin da jikin doki ke so.

Fentin kansa yana da nasa tarihin. Motocin farko da buroshi ake shafa musu fenti da banish, shafi kan shafi, a yi makonni ana jiran bushewa. A 1923 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da Duco, fentin da ake fesawa ya bushe cikin sa'o'i, kamfanin General Motors ya fara shafa wa motocinsa. Sai dai rana na saurin dusashe shi, don haka kasuwar man goge mota ta bunƙasa. Simoniz ya riga ya fito a Chicago tun wajen 1910, Turtle Wax ya biyo baya a birnin a shekarun 1940. Ginshiƙin irin wannan mai shi ne kakin karnuba, wanda ake kankarowa daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil. Mai karatu zai ce ai muna da kakin zuma. Muna da shi, amma yana narkewa a wajen digiri 63, karnuba kuwa sai ya haura 80. Baƙar motar da ta wuni a rana a watan Afrilu a bakin Ƙofar Mata, rufinta kan kai zafin da kakin zuma zai saki jiki ya zama tarkon ƙura.

Shekarun 1970 ne suka mai da mota kayan ma'aikaci. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun faɗo, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, Fijo 504 ta zama motar gwamnati, ta ɗan kasuwa, ta haya. Galibin motocin wancan zamani fentinsu shafi ɗaya ne, launi da sheƙi a haɗe. In rana ta dafa shi sai ya yi fari-fari, ya riƙa barin gari a tafin hannu. Maganinsa a lakato folish a tsumma a murza da ƙarfi. Tsumman zai fito da launin motar, alamar mataccen fentin sama ya tafi, sabo ya bayyana daga ƙasa. Direban da ya ga haka da idonsa sau da yawa, ba mai raba shi da imanin cewa ƙarfin damtse shi ne gyaran fenti. A zamaninsa kuwa gaskiyarsa ne. Daga nan aka gaji dasta a ƙarƙashin kujerar direba, da kaɗe mota da ita a bushe duk inda aka tsaya.

Ƙarancin ruwa ya ƙarfafa al'adar. Kano ta samu ruwan famfo daga Challawa tun farkon shekarun 1930, aka gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka ƙara matatar Tamburawa, amma yawan jama'a ya sha gaban famfo, unguwannin cikin birni da dama suka koma hannun 'yan garuwa. Wanda ke sayen jarka don girki da alwala ba zai kwarara wa mota uku ba. Sai wankin bokiti ɗaya: a zuba omo, a tsoma soso, a fara daga taya a hau bodi da ruwan da ya riga ya zama laka. Omo kuwa an yi shi ne don ya cire maiƙo, saboda haka duk folish ɗin da aka sha wahalar shafawa, wanki biyu ko uku ya tafi da shi. Masu manyan motoci da na haya kan gangara bakin kududdufi, inda ruwa kyauta ne, yashi ma kyauta.

Abin da ya sauya lissafin bai zo da sanarwa ba. Bayan karyewar naira a 1986, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma ga motocin Kwatano, na hannu da ake saukewa daga Turai da Amurka: Golf, Honda Hala, Henesi da 'yan'uwansu. A daidai waɗannan shekaru kamfanonin ƙera motoci sun riga sun koma fenti hawa biyu. Launi na ƙasa, ba shi da sheƙin kansa, a samansa an fesa wani farin ruwa garai-garai, shi ke ƙyalli, shi ke tare zafin rana. Kaurinsa bai kai silin gashin kai ba. In an murje shi babu wani sabon fenti da zai fito daga ƙasa, abin da aka ci ya ciwu.

Ga kuma hunturu. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iska na kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, ta haɗu da turɓayar titunanmu ta kwanta a kan mota. A cikin ƙurar akwai ƙwayoyin yashi da suka fi wannan farin ruwa tauri nesa ba kusa ba. Duk jan dasta a bushe, jan yashi ne a kan fenti. Je ka duba baƙar mota da hantsi, ka tsaya inda rana ke haska bonet, za ka ga siraran zane zagaye-zagaye sun kewaye hasken. Hannun mai ƙaunarta ne ya yi su. Yaran unguwa da ke rubuta "a wanke ni" da yatsa a kan but su ma suna barin sa hannunsu, ko bayan an wanke. In aka shekara biyu ko uku a haka, rana ta samu ƙofa, sai rufi da bonet su fara hazo, daga nan su soma ɓarewa faci-faci. A wannan matakin folish ba ya komai, sai mai fenti, a kankare a sake fesawa, da kayan da akasari daga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ake sayo su.

Cikin birni yana da ƙarin nasa. Gidan da ke ƙuryar lungu ba shi da gareji, mota a bakin titi take kwana, ko a filin makarantar unguwa a hannun mai gadi. Kurar ɗan garuwa ta goga, akuya ta hau ta sauka, A Daidaita Sahu ya shafa gefe, tun ba bayan hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013 ba, lokacin da masu ƙafa uku suka cika gari. Mai neman inuwa ya kai ta gindin darbejiya, can kuma kashin tsuntsu da na jemage ke jiranta, wanda in ya wuni a rana yakan bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Rigar mota ta tampol tana taimakawa, in dai ba a kan ƙura aka lulluɓa ta ba, don in iska ta kaɗa ita ma gogar take yi.

Rijiyar burtsatse da injin feshin ruwa ne suka mai da wankin mota sana'ar kanta, da rumfa da tanki da matasa masu jiran layi, galibi a manyan titunan bakin ganuwa da wajenta. Injin ya gyara abu guda ko da ba da niyya ba: yana sauke yashi kafin hannu ya taɓa bodi. Yanzu har an fara jin masu tallan ruwan siramik da ledar da ake manna wa fenti, ga mai hali. Yaron wajen wanki dai har yau tambayarsa ɗaya ce in ya gama tsanewa: "Alhaji, a sa folish?" Kuma sau da yawa abin da ke cikin gwangwanin nasa mai cin fenti ne irin na zamanin 504, ba kakin da ke rufe shi ba. Direbobin da suka gane bambancin sukan ce a nuna musu gwangwanin tukuna. Sukan ware bokitin taya daban, su sa a kwarara ruwa daga rufi kafin a ɗora soso, su shafa kaki sau biyu a shekara, ɗaya gab da hunturu, ɗaya kafin ruwan farko.