Tarihin fina-finan Terminator daga 1984 zuwa Dark Fate, da yadda za ka jera su wajen kallo

Makon jiya ɗan ƙanwata da ke gyaran waya a Agege ya kira ni da daddare. Ya ce, "Kawu, mai tura fim ya zuba mini Terminator har guda shida, na kalli uku ban gane komai ba. Yaron da aka ce zai ceci duniya, a wani na ga an harbe shi, a wani kuma shi ne bos. Wanne ne na gaskiya?" Na ce masa laifin ba nasa ba ne, masu fim ɗin ne suka yi ta rushe labarin suna sake gini. Tunda na san ba shi kaɗai ne ya rikice ba, daga Sabon Ibadan har Ama Hausa ta Owerri, bari in jera bayanin a nan.

Ni dai a zauren wani maƙwabcinmu a nan Gangare na fara ganinsa, a kaset. Yayyenmu sinimar Kwararafa suke zuwa, mu yara kuwa sai tabarma, ga sanyin Jos yana kaɗa mu. Lokacin babu fim mai fassarar Hausa irin na yanzu, wanda ya ɗan ji Turanci shi ke yi wa sauran bayani, rabi gaskiya rabi ƙari. Sunan Arnold Schwarzenegger kuwa ba mai iya faɗa, Komando muke ce masa saboda fim ɗinsa na 1985. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne a wannan fim ɗin Komando ne bos.

Tushen labarin

Wata kwamfuta mai suna Skynet, wadda aka damƙa wa kula da makaman Amurka, ta kai matsayin yin tunani da kanta. Da mutane suka nemi kashe ta, sai ta harba makaman nukiliya, ta hallaka yawancin 'yan Adam. Waɗanda suka tsira suka haɗu ƙarƙashin wani kwamanda, John Connor, suka kusa cin galaba. Sai Skynet ta tura mutum-mutumi ya koma baya cikin zamani, don ya kashe uwar John tun kafin ta haife shi. Su ma mutanen suka tura mai kare ta. Duk fina-finan a kan wannan ginshiƙi suke.

Na ɗaya da na biyu

The Terminator ya fito a 1984. James Cameron ne ya ba da umarni, Gale Anne Hurd ce furodusa. An kashe kusan dala miliyan 6 da rabi, ya kawo kusan miliyan 78. Linda Hamilton ce Sarah Connor, ma'aikaciyar gidan abinci a Los Angeles, Michael Biehn kuma shi ne Kyle Reese, sojan da aka turo daga 2029. Arnold shi ne T-800, ƙarfe a ciki, fatar mutum a waje. A ƙarshe za ka gane cewa Kyle ɗin nan shi ne uban John.

Terminator 2: Judgment Day ya fito a 1991, Cameron ne dai ya sake yi. A nan aka juya lamarin: Arnold ya koma mai kare John yana yaro, bos kuma shi ne T-1000, wanda Robert Patrick ya fito a matsayinsa, narkakken ƙarfen da ke rikiɗa ya zama duk wanda ya taɓa. An kashe kusan dala miliyan 100, ya kawo sama da miliyan 500, ya kuma ci kyautar Oscar huɗu. A cikinsa aka sa 29 ga Agusta 1997 a matsayin ranar da Skynet za ta afka wa duniya, su Sarah suka tarwatsa kamfanin Cyberdyne don kada ranar ta zo. Har gobe mafi yawan masu kallo wannan suke ɗauka a matsayin gwarzon jerin, ni ma haka.

Guda ukun da babu Cameron

Terminator 3: Rise of the Machines na 2003, Jonathan Mostow ne darakta. Bos mace ce, T-X. An nuna Sarah ta rasu, kuma ranar halakar jinkirta ta kawai aka yi, ta zo a ƙarshen fim. A shekarar ce Arnold ya zama gwamnan Kalifoniya, ya riƙe kujerar har farkon 2011.

Terminator Salvation na 2009 shi kaɗai ne aka gina kacokan a lokacin yaƙin, a shekarar 2018. Christian Bale ne John. Arnold bai fito ba don yana ofis, fuskarsa kawai aka haɗa da kwamfuta a wani ɗan wuri.

Terminator Genisys na 2015 shi ne ya fi rikita mutane. An koma 1984 an canza komai, Emilia Clarke ta zama Sarah, John kuma Skynet ta kama shi ta mayar da shi nata. Nan ne ɗan ƙanwata ya gan shi a bos.

Na baya-bayan nan: Dark Fate

Zuwa lokacin da nake wannan rubutu, Terminator: Dark Fate na 2019 shi ne fim na ƙarshe. Tim Miller ne darakta, Cameron ya dawo a matsayin furodusa, Linda Hamilton ma ta dawo bayan shekara 28. Abin da za ka riƙe shi ne wannan fim ɗin ya yi watsi da na uku, na huɗu da na biyar kamar ba a taɓa yin su ba, ya ɗora kai tsaye daga na biyu.

Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan ɗan fasa ƙwai. A mintunan farko, a 1998, wani T-800 ya harbe John a gaban uwarsa. Skynet dai ba ta samu ba, amma wata mai suna Legion ta maye gurbinta. Wadda ake farauta yanzu ita ce Dani Ramos, ma'aikaciyar kamfanin haɗa motoci a birnin Meziko. Mai kare ta Grace ce, sojar da aka ƙara wa ƙarfi da na'ura aka turo daga 2042. Bos shi ne Rev-9, mai rabuwa gida biyu. Arnold kuwa ya tsufa, sunansa Carl, yana sana'ar labule a Texas da iyalin da ya riƙe, kuma shi ne wanda ya kashe John.

Kasuwa ba ta karɓe shi ba. An kashe kusan dala miliyan 185, ya kawo kusan miliyan 261, wanda idan aka cire kason gidajen sinima da kuɗin talla asara ce. Mutane da yawa ba su yafe kashe John ba. Daga nan aka jingine ci gaban da aka tsara. Abin da ya biyo baya sai Terminator Zero, zanen katun mai dogon zango da Netflix ta saki ranar 29 ga Agusta 2024.

Yadda za ka jera su

Idan datarka kaɗan ce, kalli na 1984, sai na 1991, sai Dark Fate. Labari ɗaya ne miƙaƙƙe. Idan kana son ganin yaƙin kansa, bayan na biyu ka bi da na uku da Salvation. Genisys ka bar shi shi kaɗai, ba ya haɗuwa da kowa. Iyaye kuma a lura: akwai zubar da jini sosai, masu zuwa daga wani zamanin tsirara suke sauka, na farkon ma akwai wurin da bai dace yara su gani ba.

Abin da ya sa ban ɗauke shi wasa ba

Muna yara tatsuniya muka ɗauke shi. Yanzu ƙirƙirarriyar basira tana cikin wayar kowa, jirage marasa matuƙi kuma suna yawo a samanmu. Ranar 3 ga Disamba 2023 irin wannan jirgi na sojojin Najeriya ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, sama da mutum 80 suka rasu, rundunar ta ce kuskure ne. Allah Ya jiƙansu. A nan fa mutum ne ke riƙe da linzami, akwai wanda za a tambaya. To ina ga ranar da na'ura ce za ta zaɓi wanda za ta harba? A watan Disambar nan dai Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan makamai masu sarrafa kansu, ƙasashe sama da 150 suka goyi baya.

Ɗan ƙanwata ya sake kira shekaranjiya, ya ce ya bi jerin ukun ya gane, amma har yanzu yana jin haushin kashe John. Na ce masa ya shiga layi, mu da muka san yaron tun a kaset mun riga shi.