Lantarki a Kan Majinyaci: Tarihin Neman Maganin Mantuwa a Ciwon Sikizofireniya

A watan Afrilun 1938, a asibitin jami'ar birnin Rum na Italiya, Farfesa Ugo Cerletti da mataimakinsa Lucio Bini suka ɗora wa wani mutum wayoyi a gefen kai biyu, suka sakar masa wutar lantarki har jikinsa ya kama jijjiga. 'Yan sanda ne suka tsinto shi a tashar jirgin ƙasa yana gararamba, yana sambatun da ba wanda ke fahimta. Daga ranar aka buɗe sabon babi a sana'ar likitocin ƙwaƙwalwa, kuma har gobe ana ta gwada hanyoyin taɓa ƙwaƙwalwa da lantarki. Sai dai wanda ya bi tarihin a tsanake zai ga cewa ba a taɓa tabbatar da cewa na'ura ita kaɗai ta dawo wa mai sikizofireniya ƙarfin tuna abu ba. Galibi inda aka samu ci gaba ta wannan fuska, za a tarar akwai wanda ya zauna yana koya wa majinyacin, kuma akwai aikin da aka ba shi ya yi.

Waɗanda suka fara tantance ciwon ba su ɗauki jin muryoyi a matsayin tushensa ba. Emil Kraepelin na Jamus, a littafinsa na 1899, ya ware shi daga sauran nau'o'in taɓin hankali, ya bayyana shi a matsayin dusashewar hankali tun ana ƙuruciya. Eugen Bleuler na Zurik, wanda ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau a 1908, ya ce asalin matsalar warwarewar zaren tunani ce, muryoyi da zarge-zargen ƙarya kuwa rassa ne. Amma dukansu biyu sun zaci ƙarfin tuna abu bai taɓu sosai ba, domin majinyaci yakan tuna sunan garinsu da na iyayensa. Wannan zato ya daɗe yana cutarwa, don abin da likita bai nema ba, ba zai auna shi ba.

Ban da haka, yanayin asibitocin wancan zamani ma bai bar kowa ya damu da mantuwa ba. Gidaje ne masu ɗauke da dubban mutane, ma'aikata kaɗan, magani babu. A irin wannan wuri, majinyacin da ke ihu yana fasa taga shi ne matsala. Wanda ya zauna shiru a lungu ya kasa riƙe abin da aka faɗa masa da safe, ana ƙirga shi cikin masu sauƙi. Shi ya sa a 1934 da Ladislas Meduna na Budafest ya fara yi wa majinyata allurar kafur don ya tayar musu da jijjiga, bisa tunanin cewa farfaɗiya da sikizofireniya ba sa zama a kai ɗaya, aka karɓi abin hannu bibbiyu. Allurar kan jefa mutum cikin firgici mai tsanani kafin jijjigar ta zo. Cerletti ya nemi hanya mafi sauri. Karnukan da ya fara gwaji a kansu da yawa sun mutu saboda wutar na ratsa zuciya, sai a kwatar birnin Rum aka ga yadda mahauta ke sumar da aladu ta hanyar matsa musu lantarki a gefen kai, dabbar ta suma amma ba ta mutu ba. Nan aka gane inda ya kamata a ɗora wayar.

Tun shekarun farko likitoci sun lura cewa wanda aka yi wa wannan magani yakan farka a ruɗe, ya manta abubuwan da suka faru makonni ko watanni kafin nan. Mafi yawansu sun ɗauki hakan a matsayin ɗan farashi da za a biya. Wasu kuwa suka mai da shi manufa. A Montiriyal ta Kanada, daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, Ewen Cameron ya riƙa yi wa majinyata lantarki sau da yawa a rana, yana haɗawa da maganin da zai sa su barci na makonni, da nufin goge abin da ke kansu a sake zuba sabo. Akwai waɗanda suka fito daga hannunsa ba su gane 'ya'yansu ba. Abin takaicin shi ne mutumin ba bare ba ne a sana'ar, ya shugabanci ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka da ta duniya.

Za a iya cewa wannan hukunci ya yi tsauri, tun da lantarkin ya ceci rayuka. Gaskiya ne. Mutumin da ciwo ya ƙame shi, ba ci ba sha ba motsi, ko wanda baƙin ciki mai tsanani ya kai bakin halaka kansa, sau da yawa wannan magani ne ke fito da shi. Kuma tun farkon shekarun 1950 da aka fara haɗa shi da allurar barci da ta sassauta tsoka, karyewar ƙashin baya da aka saba gani ta zama tarihi. Amma ceto rai daban, dawo da mutum kasuwa ko aji daban. Haka ma maganin kuloforomazin da Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada a asibitin Sainte-Anne na Faris a 1952: ya rage muryoyi, ya ba da damar sallamar mutane masu yawa zuwa gida, amma da suka isa gida sai aka ga da yawansu ba sa iya riƙe aiki. Sai a 1996 Michael Green na Amurka ya tattara binciken da aka yi ya nuna cewa abin da ya fi hasashen ko majinyaci zai iya zaman kansa shi ne ƙarfinsa na riƙe maganar da ya ji, ba yawan muryoyin da ke damunsa ba. Bayan shekara biyu, Heinrichs da Zakzanis suka duba bincike 204 suka tarar tuna kalmomi na cikin abubuwan da ciwon ya fi raunanawa.

Alhali akwai wata hanya da ta daɗe tana tafiya a gefe, ba tare da an cika ba ta girma ba. A shekarun 1920 Hermann Simon ya sa kusan kowane majinyaci a asibitin Gutaslo na Jamus aiki, wasu a gona, wasu a ɗakin sana'a, ya ga natsuwa ta ƙaru. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa, da rana su je asibiti, da yamma su koma cikin jama'a. Ba a kira waɗannan da sunan horar da ƙwaƙwalwa ba a lokacin, amma mutumin da aka aika kasuwa dole ya riƙe saƙo a ka. Daga shekarun 1980 aka fara tsara horon a matsayin darasi, aka kuma gano wani abu mai muhimmanci: idan aka karanta wa mai lafiya jerin kalmomi, da kansa zai karkasa su, kayan miya gefe, tufafi gefe, dabbobi gefe, mai sikizofireniya kuwa ba kasafai yake yin haka ba. Amma idan aka nuna masa dabarar, aka ce ya tsaya ya yi tunanin ma'anar kowace kalma ko ya haɗa ta da 'yar'uwarta, abin da yake tunawa yakan ƙaru. Kamar almajiri ne da ake rubuta wa allo gwargwadon abin da zai iya ɗauka, ya yi ta tilawa har ya zauna kafin a wanke. A 2011 Til Wykes ta Landan da abokan aikinta suka haɗa gwaje-gwaje 40 da suka ƙunshi mutum 2,104, suka ga horon yana da amfani matsakaici, kuma ya fi tasiri a rayuwar yau da kullum idan an koyar da dabara, an kuma haɗa shi da shirin komawa aiki ko cuɗanya da mutane.

Lantarkin da ya dawo a ƙarshen ƙarnin da ya wuce ya dawo ne da tawali'u. A 1985 Anthony Barker na Shefil ya nuna ana iya motsa wani sashe na ƙwaƙwalwa da maganaɗisu daga waje, mutum na zaune a farke. A 2000 Michael Nitsche da Walter Paulus na Gotingen suka nuna cewa wuta 'yar kaɗan, wadda batir zai iya bayarwa, tana sauya yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke saurin amsawa. Soso biyu ake jiƙawa da ruwan gishiri a ɗaure su a ka, a saki wutar da ba ta wuce miliamfa biyu ba na kimanin minti 20. Abin da mutum zai ji bai wuce ɗan ƙaiƙayi a fata ba. Wannan wutar ba ta isa ta tayar da ƙwayar da ke kwance ba, sai dai ta sauƙaƙa wa wadda ta riga ta shiga aiki. Saboda haka ne masu bincike da dama suke ɗora soson a daidai gefen goshi na hagu a lokacin da majinyaci ke tsakiyar darasi.

Mai ƙorafi zai ce wata rana na'urar za ta yi kyau har ta wadatar, a huta da biyan malami da ɓata watanni. Abin da ke hannu bai goyi bayan wannan fata ba. Gwaje-gwajen da aka yi da wannan ƙaramar wuta a kan masu sikizofireniya galibi ƙanana ne, wasu sun ga ɗan ci gaba a riƙe abu na ɗan lokaci, wasu ba su ga bambanci da wutar ƙarya ba, kuma ba a kai ga mai da ita maganin mantuwa na yau da kullum ba. Hujjar horo ta fi tata ƙarfi, ga shi ba ya buƙatar kaya masu tsada: ma'aikaci mai haƙuri, takarda da biro, da iyalin da za su yarda su aiki ɗansu sayen abu uku a shago maimakon su ce ya zauna a ɗaki.