Jarrabawar Kunne da Ake Amsawa da Fensir

Maƙalar wannan makon ta ɗan kauce daga ƙagaggen labari, amma ba ta yi nisa da gida ba.

Duk shekara idan damina ta kawo kai, ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa kan zauna wa takardar Turanci ta WAEC, daga baya kuma ta NECO. Kowa ya san nauyin wannan takarda: in babu kiredit a cikinta, ƙofar jami'a a rufe take, ko da yaro ya cinye lissafi da kimiyya. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne kashi na uku na takardar WAEC. Tambayoyi 60 ne na canki-canka cikin minti 45, duk a kan furuci: wane wasali ya yi daidai da wane, wace gaɓa ake ƙarfafawa a kalma. A Ghana da Gambiya da Saliyo, murya ake kunna wa ɗalibi ya saurara kafin ya amsa. A Nijeriya babu abin da za a kunna masa. Tambayar ta kunne ce, amma da ido da fensir zai amsa ta.

Ba haka koyon Turanci ya faro a Arewa ba. Lokacin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa ake koyarwa, cikin rubutun boko. Haka elementare ta ci gaba a zamanin En'e: yaro ya fara iya karatu da rubutu da harshensa, sai in ya samu shiga midil, kamar Midil ta Kano da ta zama Kwalejin Rumfa, sannan Turanci ya hau kansa sosai. Waɗanda suka yi zarra su wuce Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920. Wannan kwaleji ta yi suna wajen horar da baki da kunne. Ɗaliban ba su da yawa, malaman da suka tashi da harshen suna tare da su dare da rana, ana faɗa suna maimaitawa har sai furucin ya zauna. Daga nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito da muryar da duniya ta yi wa laƙabi da ta zinariya.

Mu marubuta, akwai abin lura a nan. Shi wannan Ɓalewa shi ya rubuta Shaihu Umar. Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, shi ma ɗan Kwalejin Katsina ne. Mutanen da aka fi yabon Turancinsu su ne suka kafa harsashin ƙagaggen labarin Hausa na boko bayan gasar 1933. Ba su sayar da harshe ɗaya don su sayi ɗayan ba.

Sai dai kada mu yi wa zamanin kwalliyar da ba tasa ba. Tsarin 'yan ƙalilan ne, kuma ɗan manomin Riruwai ko Kwanar Ɗangora da wuya ya ga ƙofarsa. Ƙofar ta buɗe wa kowa ne da shirin UPE a watan Satumba na 1976. Yara suka kwararo fiye da yadda aka yi hasashe, aka horar da malamai cikin gaggawa, azuzuwa suka cika maƙil. A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce a koyar da ƙananan azuzuwan firamare da harshen uwa ko na muhallin yaro, kafin a koma Turanci. A takarda magana ta yi kyau. A cikin aji kuwa, abin da aka fi gani shi ne littafi da Turanci, bayani da Hausa, yaro kuma bai ƙware a karanta ko ɗaya ba. Da aka fara jarrabawar SSCE a 1988, NECO kuma ta bi sahu da tata a 2000, masu zama sun ninka, amma kunnen da Katsina ta horar bai biyo su ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye irin su ai da au. Turancin da manhajar ke bi yana da sautukan wasali kusan 20. Bahaushe kan haɗa p da f wuri ɗaya, ga kuma sautin th da babu shi a bakinmu. Yaron da bai taɓa jin bambancin pan da fan daga bakin kowa ba, me ya rage masa? Hadda. Yana haddace alamomin sauti kamar lambar waya, ya ci ko ya faɗi, bai ji komai ba.

Abin takaicin shi ne kunnen nan a horar yake tun daga gida. Yaron da ke bambance gari na mutane da gari na tuwo, alhali rubutunsu ɗaya ne, ya san tsawon wasali da karin sauti. Wanda ya zauna gaban malamin allo ana gyara masa mafitar haruffa har sai ta fita daidai, ya san mece ce tarbiyyar kunne. Mu al'ummar rediyo ce kuma, tun kafin BBC ta fara shirin Hausa a 1957. Yau ga waya a aljihun kusan kowane saurayi, tana iya ɗaukar karatun minti biyar da murya mai kyau, a tura wa aji guda. Kayan aikin suna nan, haɗa su da darasi ne ba a yi ba.

Ɓangaren auna fahimta da taƙaitawa kuwa, a ganinmu nan ne aikin ya zo ƙofarmu. Gano jigon sakin layi, bin hujja daga farko zuwa ƙarshe, taƙaita shafi cikin jimla biyar, duk dabaru ne da ake koya da kowane harshe, kuma wanda ya iya su da Hausa zai ɗauke su ya shiga Turanci da su. To me muka tanadar wa ɗan shekara goma sha uku ya karanta? Littattafan soyayya muna da su birjik, ba mu raina su ba. Amma gajeren bayani mai shafi biyu a kan yadda aka gina Madatsar Tiga a zamanin Audu Baƙo, ko dajin Falgore, ko haƙar kuza a Riruwai, da tambayoyi biyar a ƙarshensa, yana da wuyar samu. A Bagauda, cikin ƙasar Bebeji, akwai reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, inda ake karanta shari'u masu tsawo da Turanci zalla. Yaron ƙauyukan da ke kewaye da ita, da irin wancan shafi biyun zai fara hanyar shiga cikinta.

Wanda yake da irin wannan rubutu, ko yake da niyyar gwadawa, ya ajiye shi a ƙarƙashin wannan maƙala kafin mako mai zuwa.