Daga Allon Boole Zuwa Taswirar Karnaugh

'Yan uwa, a wannan makon bari mu ɗan ajiye adabi, mu leƙa tarihin wani lissafi da ke aiki a cikin wayar da ke hannunku.

George Boole ɗan mai ɗinkin takalma ne, an haife shi a garin Lincoln na Ingila a 1815. Bai yi jami'a ba, da kansa ya koyar da kansa, har ya zama farfesan lissafi a birnin Cork na ƙasar Ireland a 1849. A littafinsa na 1854 ya mayar da ilimin manɗiƙi ya koma aljabara: kowace magana ko dai gaskiya ce, a rubuta 1, ko ƙarya ce, a rubuta 0, sannan a haɗa maganganu da "da", "ko" da "ba". Ya rasu a 1864, aikin nasa bai wuce teburin masana falsafa da lissafi ba.

Sai a 1937 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar MIT ta Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa makunnin lantarki ma hali biyu gare shi, a kunne ko a kashe, don haka ƙa'idojin Boole sun hau kansa daidai. A lokacin cibiyoyin tarho cike suke da dubban makunnai masu aiki da maganaɗisu. Kowanne kuɗi ne, yana cin wuta, yana kuma lalacewa. Nan taƙaita lissafi ya zama batun aljihu.

Ga misali. A ce fitila za ta kama idan an danna A da B, ko kuma idan an danna A ba a danna B ba. Ku duba da kyau: a danna B ko kada a danna, sakamako ɗaya ne. Ashe A kaɗai ke aiki, B ɗan rakiya ne. Injiniyan da bai gano haka ba zai sayi kayan da ba ya buƙata.

Matsalar ita ce gano irin wannan da alƙalami yana buƙatar ido mai kaifi. Edward Veitch ya kawo jadawali a 1952, sai Maurice Karnaugh na Bell Labs ya gyara shi a 1953. Ya jera gidaje ta yadda kowane gida ya bambanta da maƙwabcinsa a harafi ɗaya tak. Da ka ga 1 biyu a jere, ka zagaye su, ka jefar da harafin da ya canza.

Amma da haruffa sun haura shida, taswirar takan gagari ido. Willard Quine da Edward McCluskey suka samar da hanya daki-daki, wadda ta kammalu a 1956, kuma kwamfuta na iya bin ta. Yau manhajoji ne ke wannan aiki wa masu ƙera kwakwalwar na'urori.

Sharaɗin dai bai canza ba tun zamanin Shannon: ka rage duk abin da za ka rage, muddin fitilar za ta kama a lokacin da ya kamata ta kama. Mu haɗu a mako na gaba.