Tacewa

tacewa (suna, tamace, daga aikatau *tace*). Mai yin aikin: *mai tacewa* ko *edita*.

1. Raba ruwa da dusa ko tsaki ta rariya, kamar yadda ake wa gasarar koko.

2. A harkar fim da bidiyo: aikin da ke biyo bayan ɗauka, inda ake zuba hotunan a kwamfuta ko waya, a yanke na banza, a jera sauran bisa tafiyar labari, a daidaita launi da murya. Ana cewa *tace hoto* da *tace sauti*. Zamanin kaset, lokacin da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, daga na'ura zuwa na'ura ake kwafa, kowane kwafi kuma yana rage kyan hoto. Yau ƙwararru na aiki da Adobe Premiere Pro, matasa kuma da CapCut a waya. Alal misali, wanda ya ɗauko tseren kwale-kwale na bikin Rigata a Yawuri zai dawo da hoto mai rawa, iskar kogi ta danne kiɗa da kirari. A wurin tacewa ake rage hucin iskar, a sa bugun filafili ya faɗa kan gangar. A ganina sauti ne aka fi yi wa sakaci, alhali shi ke fara korar mai kallo.

*Misali:* "Malam, an gama ɗaukar masuntan Wara, saura tacewa."

3. Duba fim kafin a ba shi izinin fita kasuwa, aikin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001.