Darasin Kadawa: Ina Ruwan Zai Tafi?

A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can aka jawo ruwa zuwa filayen Kadawa, Kura da Bunkure, ƙasar da a da take zaman jiran damina ta koma noman alkama, shinkafa da tumatir da rani. Gwamnati ta haɗa aikin da bincike: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta buɗe tasha a Kadawa, inda ake gwada iri da hanyoyin ban ruwa.

Kawo ruwa ya samu kulawa fiye da fitar da shi. Da shekaru suka ja, magudanan da ke kwashe ruwan da gona ta gama sha suka cushe da laka da ciyawa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, wasu gonaki suka jiƙe har suka daina bayarwa, gishiri ya fara bayyana a wasu. Sai bayan da Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a 2014 aka yi wa magudanan babban gyara.

Wannan tarihi ya shafi wata sabuwar harka a Arewa. A Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. Rijiyar mai ba mai kaɗai take fitarwa ba. Tana fitar da ruwa mai gishiri, wanda sau da yawa ya fi na teku, gauraye da ragowar mai da sinadarai, kuma yawansa ƙaruwa yake yi yayin da rijiya ke tsufa. Ko dai a tace shi, ko a mayar da shi can cikin ƙasa.

Ogoni ta nuna abin da jinkiri ke jawowa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji a rijiyoyin sha na Ogale, ya kuma ƙiyasta cewa gyaran muhallin yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Magudana ta gyaru a Kadawa. Rijiyar sha da mai ya gurɓata kuwa ba ta gyaruwa da sauƙi. Don haka kuɗin binciken ruwan Kolmani ya kamata ya fito tun kafin gangar farko ta shiga kasuwa.